Madina zuwa Al'ula a motar haya: wa ya taɓa bin hanyar nan?

Baƙon Madina:
Salamu alaikum jama'a. In Allah ya yarda watan Janairu za mu zo umara da iyali, mu biyar har da Hajiyarmu, kuma bayan mun gama ziyara a Madina muna da rarar kwana uku kafin jirgi. Ina so mu ɗauki motar haya mu leƙa Al'ula mu dawo. Don Allah wanda ya taɓa zuwa da ƙafarsa ya faɗa min yadda ya tarar da hanyar.

Direban Jidda:
Wa alaikumus salam Alhaji. Sau biyu na bi ta. Wajen kilomita 330 ne daga Madina, awa huɗu in kun haɗa da tsaye-tsaye, titi lafiyayye. Amma abu ɗaya nake roƙonka, kar ka yi tuƙin dare. Zuwana na farko mun baro Al'ula bayan isha'i saboda abokina ya matsa sai mun kwana a Madina, muna cikin tafiya kawai sai ga raƙumi tsaye a tsakiyar kwalta, baƙi ƙirin, fitila ba ta nuna shi ba sai da muka zo gab, ƙafafunsa na fara gani kamar sanduna. Na taka birki motar ta yi gefe cikin yashi. Wallahi na fi minti goma zaune hannuna na rawa. Ku yi asuba a Harami ku kama hanya, kafin azahar kun isa. Kuma duk gidan man da ka gani bayan Khaibar ka cika tanki ko da rabi gare ka.

Ɗalibi a Madina:
Ni wajen haya aka ci ni. Ban karanta takarda ba, ashe akwai iyakar kilomita a rana, da na maido mota aka lissafa min rarar har ta kusa kamo kuɗin hayar. Ka ce musu maftuh kake so, wato babu iyaka. Ka ɗauki bidiyon motar ciki da waje kafin ka tashi, ka zo da lasin tuƙi na ƙasa da ƙasa tun daga gida da katin banki. Sai kyamarorin Sahir masu kama masu gudun wuce ƙima a titi, ba ka ganin ɗan sanda sai dai tara ta biyo ka.

Maman 'yan biyu:
Mu a Disamba muka je, kuma ba wanda ya gaya mana zancen sanyi. Da rana ba laifi, amma rana na faɗuwa sai wani sanyi mai shiga ƙashi, ya fi na hunturun gida nesa ba kusa ba, yara suna ta karkarwa a gindin Jabalul Fil, dutsen nan mai kamar giwa, sai da muka sayi barguna a kasuwa. Tunda da Hajiya za ku, a taho mata da rigar sanyi da safa. Kuɗin masauki kuma ya ba mu tsoro, lokacin baƙi ne, ƙarshe gida muka kama na kwana biyu muna girkinmu. Tsohon garin ya fi komai burge ni, gidajen laka manne da juna, lunguna ƙanana, na ce wa maigida kamar cikin birnin Kano, ga gonakin dabino da lemo a gefe.

Malamin Islamiyya:
Alhaji akwai abin da nake so ka sani kafin ka tafi. Wurin da suke kira Hegra shi ne Hijir, Mada'in Salih, kamar kilomita 20 arewa da garin. Annabi (SAW) ya bi ta nan a tafiyar Tabuka shekara ta 9 bayan hijira, ya ce kada a shiga gidajen waɗanda aka yi wa azaba sai ana kuka, ya lulluɓe kansa ya yi sauri, har kwaɓin da sahabbai suka yi da ruwan rijiyoyin wurin ya sa aka ba raƙuma. Ni na shiga, da niyyar wa'aztuwa, kuma na gaya wa 'ya'yana tun a mota ba wurin dariya da hoto ba ne. Da na tsaya gaban Ƙasrul Farid, dutse ɗaya tal a fili an sassaƙe fuskarsa tun daga sama ba a ƙarasa ƙasan ba, jikina ya yi sanyi, na kasa magana. Mai yi mana bayani ya ce kaburburan da ake gani, sama da 100, Nabaɗawa ne suka sassaƙa su wajen shekara 2000 da suka wuce, su ne masu Petra ta Jodan, kuma a 2008 UNESCO ta sa wurin a jerinta na wuraren tarihi na duniya. Wasu malamai suna ganin barin zuwan ya fi, ka tambayi malamin da ka yarda da shi tun kana gida.

Ɗalibi a Madina:
Gaskiya ne Malam. In ya yanke zai shiga ya sayi tikiti ta intanet tun da wuri, ba a shiga da motar kai, bas ɗinsu ake hawa kuma lokaci gare ta. Mu mun makara da minti kaɗan ta tafi ta bar mu, sai washegari.

Baƙon Madina:
Allah ya saka da alheri, na ƙaru sosai. Zancen Hijir zan zauna da malaminmu. Malam, Hajiya tana fama da gwiwa, za ta iya kuwa?

Malamin Islamiyya:
Bas na kai ku kusa, amma daga nan yashi ne mai cin ƙafa. Surukata da muka je tare wuri ɗaya ta sauka, sauran ta zauna a ciki da carbinta. Ku taho mata da 'yar kujerar nan mai naɗewa. Allah ya ba ta lafiya, ya kai ku lafiya.