Shekara uku ina wankin ƙoda, ƙuncin zuciya ya fi ciwon kansa wahalar da ni

Abu Fadila:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekara uku ke nan da likitoci suka tabbatar mini cewa ƙodojina sun daina aiki, kuma tun daga lokacin nake zuwa wankin ƙoda sau uku a mako, kowane zama awa huɗu. Na saba da wahalar jiki, har allurar da ake soka mini a hannu ta daina ba ni tsoro. Abin da ya gagare ni shi ne zuciyata. Ranar da na dawo daga wanki nakan kwanta kamar wanda aka zare wa laka, ina jin muryar 'ya'yana amma ba ni da ƙarfin amsa musu, ruwan sha kuwa sai na auna shi da ɗan ƙaramin kofi. Duk wanda ya zo duba ni sai ya ce jikina ya yi kyau, ni kuma in yi godiya in ja bakina, domin ina jin nauyin in ce na gaji, kada a ɗauka haƙurina ne ya ƙare. Waɗanda suka daɗe da ciwon da ba ya warkewa, yaya kuke yi da wannan ƙunci?

Ummu Hanan:
Wa alaikumus salam Malam, Allah ya ƙara sauƙi. Shekarata 11 da ciwon kumburin gaɓoɓi, kuma sai da na ɗauki tsawon lokaci kafin na gane cewa abin da ke damuna makoki ne, makokin matar da nake a da, wadda take wuni tana aiki ba tare da ta lissafa ƙarfinta ba. A 1969 wata likita, Elisabeth Kübler-Ross, ta bayyana halaye biyar da ta lura da su wajen marasa lafiyar da ke dab da mutuwa: musu, fushi, neman sassauci, baƙin ciki, sannan karɓar lamarin. Ni dai ban bi su a jere ba. Nakan sallama wata guda cur, sai ranar da na kasa buɗe murfin kwalba fushin ya dawo sabo fil. Faɗin cewa ka gaji bai rage haƙurinka da komai ba, domin mai haƙuri ma yana jin zafi. Abin da ya taimake ni shi ne na ware mutum ɗaya, yayata, wadda idan ta ce "yaya jiki" nake gaya mata gaskiya dalla-dalla. Sauran jama'a kuwa gajeriyar amsa ta wadatar da su, kuma na daina ganin laifinsu, tunda yawancinsu ba su san abin da za su ce ba ne.

Ma'aikaciyar Jinya:
Malam, na yi aiki a sashen wankin ƙoda, kuma ina so ka raba abubuwa biyu. Ƙoda ce ke samar da sinadarin da ake kira erythropoietin, wanda ke sa ɓargo ya ƙera jajayen ƙwayoyin jini, saboda haka masu ciwonka sukan yi fama da ƙarancin jini, shi kuma yana kawo kasala da rashin kuzari masu kama da ciwon damuwa. Ka nemi a duba jininka. Amma idan ƙuncin yana tare da kai kusan kullum har mako biyu ko fiye, ka daina jin daɗin abubuwan da kake so a da, barci ko cin abinci ya rikice, to wannan yana iya zama ciwon damuwa, kuma ana maganinsa, ko ta hanyar zama da masanin halayyar ɗan Adam ko da ƙwayoyi. Akwai takardar tambayoyi tara, PHQ-9, da likitoci ke tantance shi da ita cikin 'yan mintoci. Kada ka karɓi maganin damuwa daga hannun kowa ba da sanin likitan ƙodarka ba, domin wasu magungunan sai an rage adadinsu ga wanda ƙodarsa ba ta tacewa. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ƙunci yakan sa mutum ya fara tsallake ranar wanki, alhali taruwar sinadarin potassium a jini na iya tsayar da zuciya. Idan ka taɓa jin cewa gara ka daina zuwa, ko gara ka mutu ka huta, ka gaya wa likita ko wani na kusa da kai a ranar, kada ka bari ya kwana.

Baban Yasir:
Ɗan'uwa, ni ma shekarata shida a kan na'urar wankin ƙoda. Na daina tsara komai a ranar wanki, sai na mayar da zama da iyali da ɗan aikina zuwa washegari, lokacin da jiki ya dawo, kuma daga nan na rage ganin kaina a matsayin wanda ya gaza. Ka riƙa magana da wanda ke kujerar kusa da taka, domin shi ba sai ka yi masa bayanin ƙishirwa ba. Sai dai ba zan ɓoye maka ba, ranar da ka tarar da kujerar wani da kuka saba babu kowa, za ta yi maka nauyi ƙwarai. Ka kuma tambayi maiɗakinka yadda take, wataƙila ita ma tana ɓoye maka nata kamar yadda kake ɓoye mata naka.

Abu Fadila:
Na gode muku ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malama, gaskiya sau biyu na tsallake wanki a watan jiya, na ce wa iyalina jiri ne ya hana ni fita, alhali ba shi ba ne. Gobe ina da zama, kuma zan gaya wa likita wannan kafin a haɗa ni da na'ura.