Don Allah a ba ni shawara: in liƙa fastocin nan masu hoton Obasanjo ko in haƙura?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Kwana biyu ban runtsa ba. Ni ne sakataren wata ƙungiyar matasa da ke yi wa Peter Obi kamfe. Da Baba Obasanjo ya fitar da wasiƙarsa ranar 1 ga Janairun 2023 yana mara masa baya, murna ta ɗebe ni, ban shawarci kowa ba na buga fastoci da hotonsu tare, da kuɗin da matata ta ba ni ajiya (bar wannan zancen tukuna). Yanzu shugabanmu ya ce hoton zai kore mana mutane. Yaya zan yi?

Tsohon Ma'aikaci: Liƙa abinka, ɗana. A zamanin wa Paris Club, ƙungiyar ƙasashen da ke bin mu bashi, ta yafe mana bashin dala biliyan 18 a 2005? Wayar salula ta GSM a 2001 ta shigo, yana kan mulki. Bankuna 89 Soludo, gwamnan Babban Banki na lokacin, ya dunƙule suka koma 25, suka yi ƙarfi. Yaran yanzu ba ku san tarihi ba.

Maman Biyu: Baba, da girmanka, yafe bashin bai shigo gidana ba. A masaƙa maigidana yake, aka rufe ta a shekarun nan, har yau haƙƙinsa shiru.

Ɗan Tireda: Kuma ba kyauta aka yafe ba, sai da aka biya kusan dala biliyan 12. Ga ɗanyen mai yana ta tsada lokacin. In ka liƙa, yunƙurin tazarcen Obasanjo na 2006 za a fara tuna maka.

Tsohon Ma'aikaci: Mai ya yi tsada bayansa ma, ina kuɗin? Obasanjo ya ɗaga hannun Buhari a 2015, ya ci.

Ɗan Tireda: Ya ɗaga na Atiku a 2019, ya faɗi. A 1999 ko yankinsa abokin hamayyarsa Olu Falae suka zaɓa.

Mai tambaya: Ni fa ban ce Baba waliyyi ba ne. Kuma hoton nasa ƙarami ne, a gefe yake.

Maman Biyu: Malam, ka fara faɗa wa baiwar Allah inda kuɗinta ya shiga.

Mai tambaya: Hajiya, ba wannan na tambaya ba. In na yanke gefen hoton da almakashi, lambar wayar ƙungiya za ta tafi tare da shi.