Gyaran tsohuwar karaban a Kumasi: kowa ya kawo abin da ya gani

Ɗan Aboabo:
Assalamu alaikum jama'a. Tsofaffin karaban, ɗakunan kwanan nan da mota ke ja, suna shigowa ta tashar jiragen ruwa ta Tema jefi-jefi daga Ingila, Jamus da Holan, kuma akwai 'yan'uwa masu son gyara su don fita da iyali tafkin Bosomtwe ko gandun dajin Mole. Duk wanda hannunsa ya taɓa wannan aiki ya faɗa mana: me ake fara dubawa, ina kuɗi ke tafiya, me hanyoyinmu ke karyawa. Kafintoci, fitoci, masu waya, bismillah.

Kafintan Sokoban:
Wa alaikumus salam Alhaji. Kafin a yi maganar fenti ko labule, a nemi ruwa. Bangon karaban abu uku ne a manne: alminiyon da bai kai milimita 1 ba a waje, farin soso da siraran katako a tsakiya, filawud na milimita 3 a ciki. In ruwa ya shiga ba shi da hanyar fita. Daga waje za ka gan ta tas, ciki kuwa katakon ya zama gari.

Inda yake shiga sananne ne: dogon ƙarfen rumfa da ke bin gefen rufi, tagar sama, bakin tagogi, hannayen turawa na gaba da baya, da fitilun baya. Ka buɗe kowane kabad na sama ka danna kusurwa da babban yatsa. In ta lotsa, ko ka ga baƙin tabo kewaye da kan sukuru, ko takardar bangon ta yi ƙuraje, an gama magana. Mai na'urar auna danshi ya soka ta: ƙasa da kashi 15 lafiya lau, 20 zuwa sama a bincika, in ta haura 30 katakon ya tafi.

Gyaran daga ciki ake yi. A yanke filawud ɗin har sai an kai busasshen wuri, a ƙara kamar santimita 15, a cire ruɓaɓɓen katako, a bar wurin a buɗe ya sha iska. Shi ya sa Disamba zuwa Fabrairu ne lokacin aikin, hunturu na busar maka kyauta. Wanda ya buɗe bango a watan Yuni a Kumasi zai rufe danshi a ciki da hannunsa. Katakon da za a mayar wawa ne, saboda rashin nauyi, amma sai an jiƙa shi da maganin gara ya bushe, don ƙwari na son sa. Kada a yarda wani ya ce odum ya fi ƙarko. Ya fi, amma nauyinsa ya kusa ninka na wawa, kuma alminiyon ba don shi aka yi ba.

A waje kuma a kwance ƙarfen rumfar gaba ɗaya, a kankare tsohon gam, a goge da kananzir sannan sifirit, a shimfiɗa tef ɗin butil, a mayar da sukuru marasa tsatsa. Silikon ɗin banɗaki da ake shafawa a kan haɗi ba ya riƙe alminiyon da ke motsi da zafin rana. Yana ɓallewa ta ƙasa, ruwa ya shige, shi kuma ya hana shi fita, bayan haka kuma babu gam ɗin da zai kama wurin sai an kankare shi tas.

Maman Asawase:
Malam kafinta, ƙasan da ke lotsawa a gaban kicin in an taka fa? Wasu na ɗora masa filawud mai kauri su wuce.

Kafintan Sokoban:
Hajiya, wannan ba ruɓa ba ce sau da yawa, gam ne ya saki tsakanin filawud na sama da sosan tsakiya. Ɗora wani filawud ƙarin kilo ne kawai, kuma ƙofofin kabad za su daina buɗuwa. A ɗaga leda, a zana layuka tazarar santimita 10, a huda rami na milimita 8 a kowace mahaɗa. A naɗa tef a bakin abin hudar don kada ya ratsa filawud na ƙasa, in ba haka ba gam ɗin zai zube a ƙasa. A tokare ta ƙasa da katako, a ɗura gam ɗin ifoksi mai haɗi biyu da sirinji, a toshe kowane rami da ɗan turken katako, a ɗora bulo a bar shi kwana ɗaya. Washegari a goge kan turakun.

Masta Magazin:
Ni ƙasa nake fara leƙawa. Yawancinsu shasin kamfanin AL-KO ko BPW ne, ƙarfe mai rufin zinki. Ba a yi masa walda, ba a huda shi. Yaranmu na Suame, unguwar makanikai, hannunsu na ƙaiƙayi in sun ga ƙarfe, to a ja musu kunne: wuta na ƙone zinkin, wurin ya yi tsatsa, ya tsage daga gefen waldar. In ana son ɗaura wani abu, maɗauri ake sa masa ko a bi ramukan da kamfani ya bari.

Babu sifirin a ƙafar, roba ce a cikin bututun aksil. In robar ta mutu karaban ɗin na zama ƙasa, har taya ta riƙa gogar rufinta. Ka sa hannu tsakanin taya da rufin, ka gwada ɓangaren biyu. In ɗaya ya fi ɗaya zama, aksil ɗin ne gaba ɗaya za a canza, don haka a sa wannan a lissafi kafin a biya kuɗin saye.

Birkin da kansa yake kamawa: mota ta rage gudu, karaban ta turo kan ƙugiya, sanda ta ja wayoyi biyu zuwa gangunan birki. A cikin wuyan ƙugiyar akwai ɗan shokoba. Ka tura kan da hannu. Ya kamata ya shiga da ƙyar ya dawo a hankali. In ya shige salin-alin ya mutu, kuma shi ne ke sa ka ji dum a bayanka duk sanda ka taka birki. Boris ɗin ƙafa iri biyu ne. Na da ana wanke shi a sa sabon giris a ɗaure da noti mai fil. Na zamani a rufe yake, notinsa sau ɗaya ake ɗaurawa, a kan Nm 290 (ma'aunin ƙarfin ɗauri), in an kwance sai sabo. Notin taya a rim na ƙarfe Nm 88, kuma a sake dubawa bayan kamar kilomita 50.

Taya: kada zanenta ya ruɗe ka, tayar karaban tsufa ke kashe ta ba tafiya ba. A gefenta bayan DOT akwai lamba huɗu. 2318 na nufin mako na 23 a 2018. Shekara 5 a canza, 7 kuwa ko kyauta aka ba ka kada ka ɗora iyalinka a gabanta. Hom-yus, tsofaffin tayoyin waje da ake sayarwa a bakin titi, yawanci sun wuce haka. A sayi mai harafin C, ta ɗaukar kaya.

Direban Tamale:
Masta ya manta ƙwallon ƙugiya. Karaban ta Turai ƙwallon milimita 50 take so. Motocin da ke zuwa daga Amurka suna zuwa da na inci 2 ko inci 1 da 7/8. Na farkon ya ɗan yi girma, ba ya kulluwa daidai. Na biyun ya yi ƙarami, kuma shi ya fi haɗari, don zai zauna kamar ya kama, sai an hau tudun rage gudu ya fice. Wayar fitilarsu ma daban ce, birki da sigina a waya ɗaya suke, sai an sa ɗan akwatin da ke raba su. Kuma a shafa wa ƙwallon giris.

Masta Magazin:
Direba, giris ɗin da sharaɗi. Kan ƙugiya na gargajiya, ƙarfe kan ƙarfe, a shafa. Amma in mai hana lilo ne irin na AL-KO, mai babban hannun da ake dannawa ƙasa, akwai faifan gogayya a ciki da ke damƙe ƙwallon. Giris ya taɓa su sun tashi aiki. Wannan busasshen ƙwallo yake so, ko fenti sai an goge.

Direban Tamale:
Na karɓa, Masta. To ga nauyi. A jikin ƙofa akwai farantin da ke nuna iyakar nauyinta da kaya. Ka cire nauyinta babu kaya, abin da ya rage sau da yawa kilo 150 zuwa 200 ne. Jarkar ruwa lita 25 guda biyu kilo 50 ke nan, tukunyar gas ta kilo 14.5 a cike ta kusa 30, batir 25 ko fiye. Ba a sa tukunya ko buhun shinkafa ba tukuna. Masu sa tayil da kantar dutse a kicin sun cinye rabonsu tun a gareji.

Nauyinta da kaya kada ya wuce kashi 85 na nauyin motar: motar kilo 1,800 ta ja 1,530. A kan ƙugiya a samu kashi 5 zuwa 7, wato kilo 60 zuwa 84 ga karaban mai 1,200, muddin bai wuce abin da ƙugiyar motar ta yarda ba. Sikelin banɗaki da guntun katako ya isa a auna. Kaya masu nauyi a ƙasa, a kan aksil. In aka loda baya, tirela ta wuce ka a hanyar Techiman, wutsiyar za ta fara kaɗawa. In ta fara, a ɗaga ƙafa daga totur a riƙe sitiyari tsaye, ba a taka birki da ƙarfi.

Wani abu: ta Ingila ƙofarta a hagu take. Mu hannun dama muke bi tun 1974, ke nan in ka tsaya a gefen titi yara za su sauko ta ɓangaren motoci. Ta Jamus ko Holan ƙofarta na dama. Mai zaɓi ya ɗauki wannan. Takardun kwastam kuma a riƙe su da kyau, da su za a je DVLA, hukumar rajistar motoci.

Mai Waya na Sabon Zongo:
Firijin da ke zuwa da su mai cin gas, lantarki da batir ne, ba shi da kwamfureso. Don ƙasar sanyi aka yi shi. Zafi ya haura digiri 32 sai ya fara kasawa, kuma in karaban ba ta tsaya daidai ba ba ya sanyi sam. A batir yana jan amfiya 8 zuwa 10 ba tsayawa, don haka sai inji na aiki. Shawarata a cire shi a sa mai kwamfureso na bolt 12.

Lissafin yini a zafinmu: firiji kamar amfiya-awa 45, fankar rufi da dare 16, fitilu da cajin wayoyi 10. Kusan 70. Batirin ruwa mai amfiya-awa 100 rabinsa kawai ake ci in ana son ya daɗe, bai isa ba. Litiyom irin LiFePO4 mai 100 zai ba ka 80 zuwa 90, nauyinsa kuma kilo 12 ko 13. Sai dai tsohuwar cajar karaban ba tasa ba ce, a canza ta. Sola wat 200 tana kawo kamar 50 a yini, 300 ce ke rufe lissafin, da kwantirolar caji irin MPPT. Da hunturu ƙura na rage ta sosai, a riƙa gogewa kowace safiya. Ƙafafun solar a manna su da gam ɗin Sikaflex, rami ɗaya tak a rufi na shigar waya, kada kafinta ya zo ya kama mu. Fiyus a jikin batir, tazarar da ba ta wuce tafin hannu ba. Ɓangaren bolt 230 a tabbatar akwai makatsin yoyon wuta na miliamfiya 30, a danna maɓallin gwajinsa. Ta Jamus soket ɗinta mai rami biyu ne, a mayar da su namu masu ƙafa uku.

Maman Asawase:
Ɗana mai waya, ban ce a jefar da tsohon firijin ba. Wanda kuɗinsa bai kai litiyom da sola ba ya sa ƙananan fankokin kwamfuta biyu a ramin iska na sama su zuƙe zafi waje, ya ajiye ɓangaren firijin a inuwa, ya kunna tun daren tafiya. A Bosomtwe zai yi aiki. A Damongo cikin Maris ne zai ba da kunya.

Gas ne ba na wasa da shi. Ku duba farantin murhun: tsofaffin na Jamus milibar 50 ne, sababbi 30, tsofaffin na Ingila 28 a butan. Regiletar da za a saya ta dace da wannan lamba, in ba haka ba wuta ta yi rawaya ta baƙanta tukunya ko ta riƙa tsalle daga kan murhu. Tiyo na da shekararsa a jiki, ya wuce 5 a canza. Kowace mahaɗa a shafa mata ruwan sabulu a ga ko za ta yi kumfa, ban da ashana. Ramukan da ke ƙasan akwatin gas da ƙarƙashin murhu, waɗanda ake toshewa wai don ƙura da sauro, hanyar fitar gas ce in ya yi yoyo, don ya fi iska nauyi. Raga ake sa musu. A rataya na'urar ƙarar hayaƙin kabon kusa da wurin kwana, kuma kurfoti ba ya shiga ciki ko ana ruwan sama.

Hitar ɗumama ɗaki a cire, a toshe bututunta da marfin ƙarfe, wurin ya zama kabad. Katifun soso a yanka sababbi, kafet a fitar a sa leda. Kowace taga raga. Tagogin roba ne, fetur ko tina na sa su tsattsage, ruwa da sabulu kawai.

Direban Tamale:
Gwajin farko a yi shi Bosomtwe, kilomita 30 da 'yan kai daga gari. Daga Kuntanase zuwa Abono gangara ce mai kwana-kwana, kuma duk tsawonta karaban na tura ƙugiya, birkinta na kame. A sauka da giya ta biyu, a ƙasa a kai bayan hannu kusa da gangunan. Ɗumi daidai ne. In ɗaya ya yi zafin da ba ya taɓuwa ɗayan kuma sanyi, saitin wayoyin bai daidaita ba, a gyara kafin a yi tunanin Mole.

Hanyar Mole ta Techiman, Kintampo, Buipe, a juya a Fufulso zuwa Damongo da Larabanga. Kwalta ce, amma tudun rage gudu na ƙauyuka ne ke cin ƙafafun tokare na baya da bututun ruwan wanke-wanke. A ɗaga tayar gaba har ƙarshe a ɗaure ta, bututun a mayar da shi saman shasi. Ƙafafun nan huɗu na tokarewa ne, ba jak ba ne, wanda ya ɗaga karaban da su zai murɗe ƙasanta. Sakatun kabad na roba a canza su da na ƙarfe, firiji a sa masa ƙugiya. A sansanin Mole kuma ƙofa da tagar sama su kasance a kulle in za a fita kallon giwaye, gwaggon biri na wurin sun iya buɗe ƙofa.