Daga aikin jiha zuwa na tarayya: kuɗin fansho zai biyo mutum?

Malamin Rigasa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambaya ce ga waɗanda suka san harkar fansho a aikace. Ma'aikacin Jihar Kaduna ya samu aikin tarayya, ko zai koma wata jiha. Kuɗin da ake cira masa duk wata zai bi shi, ko sai ya fara daga farko? A taimaka da abin da za a yi, daki-daki.

Tsohon Akawu: Wa alaikumus salam Malam. Kuɗin ba a aljihun gwamnati yake ba, yana cikin asusun ajiyar kuɗin ritaya (RSA) mai sunan ma'aikacin a wurin kamfanin fansho. Sashe na 14 na Dokar Fansho ta 2014 ya ce wanda ya canza wurin aiki zai ci gaba da asusunsa na da. Abin da zai yi kawai shi ne ya miƙa wa sabon ofis sunan kamfaninsa da lambar PIN, wadda take farawa da PEN sai lambobi 12, tare da kwafin takardar da aka ba shi ranar rajista. Sannan ya sanar da kamfanin cewa ya canza wurin aiki don su gyara bayanansa.

Abin da zai sauya shi ne kason. Kaduna ta fara wannan tsari na zubi a RSA a Janairun 2017, ma'aikaci kashi 7, gwamnati kashi 13. A tarayya ma'aikaci kashi 8, gwamnati kashi 10. A ce albashin da ake lissafi a kai naira 100,000 ne: a jiha 20,000 ke shiga asusu, a tarayya 18,000, kuma abin da ake cira daga hannunsa ya ƙaru da 1,000. Kada ya ga haka ya zaci kuskure aka yi.

Maman Khalifa: Baba Akawu ya faɗi komai, sai abu ɗaya da ke jefa mutane cikin wahala. Ranar da ake tantance sababbin ma'aikata, wakilan kamfanonin fansho suna nan bakin ƙofa da fom a hannu. Mutum yana cikin murnar sabon aiki sai ya cika. Ga PIN biyu kenan. Tun da aka haɗa rajista da lambar NIN a 2019 abin ya ragu, amma masu tsohuwar rajista da ba su sabunta bayanansu ba har yanzu suna faɗawa. Kuɗi ya rabu gida biyu, kuma ba a gane ɓarnar sai lokacin ritaya, a tsayar da biya har sai an haɗe asusun. Wanda ya riga ya yi, ya kai duka lambobin wurin kamfaninsa tun yanzu, PenCom, hukumar fansho ta ƙasa, ce ke da ikon mayar da su ɗaya.

Tsohon Akawu: Haka ne Hajiya. Amma inda gizo ke saƙar shi ne shekarun baya. Wanda aka ɗauka aiki a Kaduna kafin 2017 yana da haƙƙin shekarun da ya yi a tsohon tsari. Wannan kuɗin ba ya cikin RSA ɗinsa a yau, bashi ne a kan gwamnati da ake zubawa cikin asusun idan ya yi ritaya. A tarayya ma haka yake ga waɗanda suka fara aiki kafin Yulin 2004. Don haka saƙon da kamfani ke turowa a waya ba shi ne duka abin da mutum yake da shi ba.

Shi ya sa yadda aka bar aiki yake da muhimmanci. Canjin wurin aiki a hukumance daban, ajiye aiki daban. Na farko, sabon wuri ya rubuta yana buƙatarka, tsohon wuri ya sake ka a rubuce, sabon ya rubuta ya karɓe ka da shekarunka. Na biyu kuwa ya yanke lissafin shekaru, sai an koma ana roƙon a haɗe su, kuma ba kullum ake yarda ba. Kafin ya fita daga ma'aikatarsa ya riƙe kwafin takardar ɗauka aiki ta farko, ta tabbatarwa, duk takardun ƙarin girma, tarihin aikinsa mai hatimi, takardar albashin ƙarshe, da takardun saki da karɓa. Ya leƙa Hukumar Fansho ta Jiha ya tabbatar sunansa yana cikin waɗanda aka yi wa lissafin shekarun baya. Fayil ɗin wanda ya tafi, bayan shekara goma sha biyar, Allah kaɗai ya san ƙarƙashin wane kabad yake.

Ɗan Zariya: Mai komawa Kano ko Jigawa ya yi tambaya tukuna. Su asusu ɗaya suke tarawa na kowa da kowa, a biya mutum gwargwadon shekarunsa da albashinsa, ba RSA ba. Asusunsa na da zai ci gaba da samun riba, amma sabon zubi ba zai shiga ba. Sojoji ma an fitar da su daga tsarin RSA tun 2011.

Malamin Rigasa: To Hajiya, in mutum yana so ya canza kamfanin ma gaba ɗaya fa?

Maman Khalifa: Wannan wani abu ne daban, bai shafi canza aiki ba. Tun 16 ga Nuwamba 2020 aka buɗe ƙofar, sau ɗaya a shekara, kuma kyauta. Ba wurin tsohon kamfani ake zuwa neman izini ba, wurin sabon ake zuwa da PIN, da sunan mahaifi yadda yake a rajista, da lambar waya, a ɗauki zanen yatsa a gwada shi da na hukumar NIMC mai bayar da NIN. Wanda ya yi rajista kafin Yulin 2019 sai ya fara sabunta bayanansa a tsohon kamfanin. Wata uku-uku ake kwashe kuɗin, wanda ya shigar da buƙata a watan ƙarshe na zango sai ya jira zango na gaba.

Abin da ya fi hana shi tafiya shi ne saɓanin suna da ranar haihuwa. Muhammad a NIN, Mohammed a RSA, Mamman a takardar aiki. Ko shekarar haihuwa ta bambanta tsakanin shaidar kotu da NIN. Na'ura ba ta san mutum ɗaya ne ba. A fara gyarawa kafin a je. Ni shawarata kada a haɗa canjin aiki da canjin kamfani a wata ɗaya, don sabon ofis zai iya tura zubi tsohon kamfani bayan an kwashe asusun, a shiga bin sawu. Mai gudun kuɗin ruwa kuma ba sai ya canza kamfani ba, ya nemi a mayar da shi asusu na shida cikin rukunan da kamfanin ke juya kuɗi a ciki, wanda babu ruwa a cikinsa.

Tsohon Akawu: Bayan albashi na biyu ko na uku a sabon wuri, ya nemi cikakken bayanin asusu ya duba wata-wata. Doka ta ba mai biyan albashi kwana 7 na aiki ya zuba kuɗin, da tarar da ba ta gaza kashi 2 a wata ba in ya yi jinkiri. In ana cira a takardar albashi amma ba ya shiga, galibi an rubuta PIN ba daidai ba ne a jadawalin da ofis ke turawa. Ya kai takardun albashin da bayanin asusun wurin jami'in fansho na ofishinsu. In abin ya ƙi, PenCom tana da ofishin shiyya a Kano.

Malamin Rigasa: Allah ya saka da alheri Baba. Gobe sai ofishin NIMC kenan, don sunan ma'aikacin da nake magana a kai Mohammed ne a can.