Abin da masu horar da dawakin diresaj a karkara suka fi nanatawa

Diresaj wasa ne na horar da doki ya riƙa yin taku daidai da umarnin mahayi. A tattaunawar masu horarwar, an fi daɗewa kan batun filin horo. Ma'aunin gasa mita 20 ne a faɗi, 60 a tsawo, amma suka ce 20 da 40 ma ya isa, muddin ƙasar ba ta da tauri ko santsi, don ita ke cinye gaɓoɓin doki.

Wajen horo, kafin komai a bar dokin ya yi tafiya kamar minti 10, linzami a sake, har ya sauke wuya. Sannan a shiga sassarfa da kewaye. Wani ya ce ƙafar mahayi ce ke magana, hannu saurare kawai yake yi, kuma na yarda da shi.

Wajen fita ƙilisa aka rabu: wasu na ganin hawan tudu na ƙarfafa ƙafafun baya, wasu na tsoron ramuka. Kofato kuwa, a kwakule shi kullum.