Dutsen Aberlemno: Yaƙin 685 aka sassaƙa ko wani daban?

Ɗaliba a Dundee: Salamu alaikum. Jiya na je Aberlemno a yankin Angus na Scotland, na ga wani sassaƙaƙƙen dutse na mutanen Pikt, tsoffin mazauna ƙasar, a harabar coci. Gaba gicciye ne. Baya kuwa yaƙi, sahu uku: na hagu kansu a buɗe, na dama sanye da kwalkwali mai kare hanci. Can ƙasa ga wani kwance, hankaka na tsattsagarsa. Ana cewa yaƙin Dun Nechtain ne na 685, inda rundunar Bridei, sarkin Pikt, ta kashe Ecgfrith, sarkin Northumbria, wata tsohuwar masarautar Ingilishi da ke kudu da su. Ni kam na gamsu.

Malamin tarihi: Wa'alaikumus salam. Ƙanwata, bi a hankali. Yawancin masana suna kai dutsen tsakiyar ƙarni na 8, wasu har na 9. Mai sassaƙar bai ga yaƙin da idonsa ba, kuma ko harafi ɗaya babu a jikin dutsen, balle sunan sarki.

Mai son kayan da: Haba Malam, kwalkwalin fa? Kusan irinsa aka tono a Coppergate da ke York a 1982, kuma York ƙasar Northumbria ce. Ga Dunnichen, inda ake cewa an gwabza, mil kaɗan ne daga cocin. Biri ya yi kama da mutum.

Malamin tarihi: Kwalkwali ya nuna wa ake yaƙa, bai nuna wace rana ba. Ai Pikt da Northumbria sun sake karawa a 711. Dunnichen ɗin ma da sauran magana. Bede, marubucin tarihi na zamanin, ya ce an yaudari Ecgfrith ne zuwa matsatsi tsakanin duwatsu masu wuyar hawa, Dunnichen kuwa gonaki ne da ƙananan tuddai. Shi ya sa a 2006 masanin tarihi Alex Woolf ya ce a duba Dunachton, can arewa a Badenoch. In ya yi daidai, hujjar kusanci ta rushe.

Ɗaliba a Dundee: To amma Malam, mutane suna manta ranar da suka kashe sarkin maƙiya cikin shekara sittin ko saba'in? Jikoki ma sai su sa a sassaƙa.

Malamin tarihi: Mai yiwuwa ne, ban musa ba. “Na gamsu” ɗin ne na ƙi.

Mai son kayan da: Ni dai sai na gani da idona.

Ɗaliba a Dundee: To Yaya, kada ka bari sanyi ya shiga. Da hunturu akwatin katako suke kifa masa saboda ruwa da ƙanƙara.