Kuɗin gyara rajistar masu laifi a Amurka: kariya ce ko tarko?

Baban Khalifa: Salamu alaikum jama'a. Jiya a wurin jiran fasinja na filin jirgin JFK gardama ta kaure tsakanina da wani direba, na ce bari in kawo ta nan a raba mu. Ashe duk shekara gwamnatin tarayya tana raba wa jihohi miliyoyin daloli wai su gyara rajistar masu laifi, su zuba ta a kwamfuta, wai don tsaron jama'a. Ni dai na ce kuɗin nan bai taɓa kare kowa ba. Bindiga tana nan tana cin rayuka kamar kullum. Abin da rajistar ta iya shi ne hana talaka da baƙo aiki da gidan haya.

Kawu na Zango: Wa'alaikumus salam. Baban Khalifa, kai da ka dangwala yatsu kafin a ba ka lasin tasi a New York, da wace rajista kake tsammani aka duba ka?

Baban Khalifa: Da ita, Kawu. Shi ya sa nake jin tsoronta.

Barista: Ku bari in sa baki, don shirin nan na san shi. Sunansa NCHIP, an fara shi a 1995, kuma ofishin ƙididdiga na Ma'aikatar Shari'a ne ke raba kuɗin. Asalinsa dokar Brady ce ta 1993, wadda ta ce a binciki mutum kafin dillali mai lasin ya sayar masa da bindiga. Tsarin binciken na FBI, hukumar binciken laifuka ta tarayya, wato NICS, ya fara aiki a ƙarshen 1998. To amma FBI ba ta kama ɓarawon unguwa, ba ta yanke masa hukunci. 'Yan sandan gari ne ke kamawa, kotun gunduma ta yanke, jiha ta ajiye takarda. In ba su aika ba, kwamfutar FBI makauniya ce. Kuma a 1997 Kotun Ƙoli ta yanke, a shari'ar Printz, cewa tarayya ba ta da ikon tilasta wa jami'an jihohi su yi mata wannan aikin binciken. Wanda ba za ka iya tilasta masa ba sai ka lallashe shi, kuma a ƙasar nan da dala ake lallashi.

Baban Khalifa: Barista, shekara talatin ana lallashi. Ina sakamakon?

Barista: Duba inda aka yi sakaci ka ga abin da ya biyo baya. A Afrilun 2007 ɗalibi ya kashe mutum 32 a jami'ar Virginia Tech. Tun 2005 wani alƙali ya ce yaron hatsari ne ga kansa, ya umarta a yi masa maganin ƙwaƙwalwa. Bayanin bai kai NICS ba, ya je ya sayi bindigoginsa lafiya lau. Bayan haka ne aka yi sabuwar doka aka ƙara wani tallafin, musamman don irin waɗannan takardu.

Ɗan Damagaram: Ranka ya daɗe Barista, hujjar nan taka ai Baban Khalifa take taimaka. A 2007 shirin ya shekara goma sha biyu yana zubar da kuɗi, kuma ga abin da ya faru. Sannan ka tuna cocin Sutherland Springs a Texas, Nuwamban 2017, inda aka harbe mutum 26 har lahira. Wanda ya yi ɓarnar kotun soja ta same shi da laifin dukan matarsa da ɗanta tun 2012. Wa ya ƙi aika takardar? Rundunar sojin sama ta Amurka. Ba jiha ba ce, ba wata gundumar da za ta ce ba ta da kuɗin sayen kwamfuta ba. Gwamnatin da ke ba wasu tallafi ita ce ta kasa share ɗakinta. Alƙali ma ya ɗora mata kashi 60 cikin ɗari na alhakin, daga baya suka sasanta da iyalai a kan dala miliyan 144.5.

Barista: Wannan gaskiya ce, ba ni da ja. Kuɗi ba ya maganin ganganci. Shi ya sa a 2018 aka yi dokar Fix NICS don a matsa wa hukumomin tarayya su ma.

Maman Ummi: Ina ta karanta ku ina jin zafi a raina, don ni abin a gidana ya faru. Ɗan yayata da ke zaune wurina nan Houston, an kama shi shekaru uku da suka wuce a kan rigimar da ba tasa ba, yana tsaye ne kawai a wurin. Muka yi ta zirga-zirga, a ƙarshe kotu ta kori ƙarar. Muka yi sadaka, muka ce an gama. Bara ya nemi aikin kula da tsofaffi, an kira shi, an ma ba shi ranar farawa. Sai binciken ya fito: an kama shi, ga rana, ga tuhuma. Inda ya kamata a rubuta yadda shari'ar ta ƙare, fayau, babu komai. Suka ce za su neme shi. Har yau shiru. Yaron da ko sigari ba ya sha.

Baban Khalifa: Allah ya saka masa, Hajiya. Kun ji abin da nake faɗa ke nan. Rajista ce ta cuce shi.

Maman Ummi: A'a Baban Khalifa, tsaya. Ni ma da haka na ɗauka. Amma da na zauna na yi tunani, rabin rajista ne ya cuce shi. Da an rubuta cewa kotu ta wanke shi, da yanzu yana aiki. Kamun ya shiga kwamfuta a daren da aka yi shi, saboda a ofishin 'yan sanda ake ɗaukar zanen yatsu nan take. Hukuncin kotu kuwa ya kwanta a wani fayil.

Barista: Hajiya ta taɓo inda ciwon yake. Wannan gurbin da ta gani babu komai, shi ne babban abin da kuɗin NCHIP ke bi: a haɗa kwamfutar kotu da ta rajistar jiha, a ɗauki ma'aikata su tono tsofaffin fayiloli su liƙa kowane hukunci da kamunsa, a saya wa ƙananan ofisoshi na'urar ɗaukar zanen yatsu. Rahoton Babban Lauyan Amurka na 2006 ya ce kusan rabin bayanan da ke hannun FBI ba su da hukuncin ƙarshe. Kuma gurbin nan wuƙa ce mai baki biyu. Mai ɗaukar aiki in ya ga kamu babu hukunci, sai ya ɗauki mutum mai laifi. Mai binciken bindiga in ya ga haka, yana da kwana uku na aiki ya gano gaskiya. In bai gano ba, dokar tarayya ta bar dillali ya miƙa bindigar. Mara laifi ya rasa aiki, mai laifi ya samu makami, duk daga rami ɗaya.

Kawu na Zango: Ba haka aka yi a Charleston ba?

Barista: Kusan haka, Kawu. Yunin 2015, wani yaro ya harbe mutum tara baƙaƙen fata har lahira a cikin cocinsu. An kama yaron da ƙwaya 'yan watanni kafin nan, ya kuma amsa. Amma takardar ta nuna wani ofishi daban da wanda ya yi kamun, mai binciken ta yi ta neman rahoto inda ba ya nan, kwana uku suka cika, dillali ya miƙa masa bindigar. Shugaban FBI na lokacin, James Comey, da bakinsa ya ce bai kamata a sayar masa ba.

Ɗan Damagaram: To ai nan dokar kwana ukun ce matsala. Sannan a jihohi da yawa in ka sayi bindiga hannu da hannu wurin wanda ba dillali ba, babu mai duba ka sam. Ka gyara rajista ta yi fes, mutum ya bi ta bayan gida. Ni abin da ke ba ni haushi, 'yan siyasa sun gano cewa zuba kuɗi a rajista shi ne abin da ba ya jawo musu faɗa da masu son bindiga. Bayan kisan yaran makaranta a Uvalde a 2022 ma sun ƙara dala miliyan 200 a wannan fanni. Abu mai sauƙi suke yi su bar mai wuya.

Barista: Na yarda da rabin maganarka. Amma ko an toshe ƙofar bayan, ta gaban ma sai da takarda mai kyau take aiki.

Kawu na Zango: Ni dariya ma kuke ba ni. Mu da muka baro inda fayil ke ɓata a kotu mutum ya shekara biyar yana jiran shari'a. Najeriya ma dokar shari'ar laifuka ta 2015 ta ce a kafa babbar rajista a hannun 'yan sanda, kotuna su riƙa aika hukunci. Ku tambayi wanda ya je neman takardar shaidar hali don biza ya ba ku labari.

Baban Khalifa: Kawu, can ɓacewar fayil wani lokacin rahama ce. Nan kuskuren da ka yi kana ɗan shekara goma sha tara zai bi ka har furfura. In rajistar ta cika ta yi kyau, wanda ya taɓa laifi da gaske ya tuba fa? Shi kun manta da shi.

Barista: Ban manta ba. Pennsylvania ta yi doka a 2018 da ke rufe tsofaffin ƙananan laifuka da ƙararrakin da aka kora, kwamfuta ce ke yi da kanta ba sai ka nemi lauya ba. New York ma ta bi sahu. Amma kwamfuta ba za ta rufe shari'ar da ba ta san yadda ta ƙare ba. Yafiyar ma sai da cikakkiyar takarda.

Maman Ummi: Barista, ku bar siyasar tukuna. Yaron nan me zai yi?

Barista: Ya je wurin magatakardan kotun da ta kori ƙarar ya karɓi takardar hukuncin mai hatimi. Ya nemi kwafin bayanansa daga FBI, dala 18 ne, ya ga abin da ke ciki da idonsa. In gurbin na nan, ya aika takardar kotun ga hukumar jiha mai riƙe da rajistar su gyara. Sannan a Texas ƙarar da aka kora sau da yawa ana iya neman a goge ta gaba ɗaya, amma sai an shigar da buƙata a kotu, ba ta goguwa da kanta. Ki kira ni bayan Isha in yi miki bayani.

Maman Ummi: Allah ya saka da alheri. Zan kira.

Baban Khalifa: Kun gani ko? Shekara talatin ana biyan jihohi, amma yaron ne zai cire dala 18 daga aljihunsa ya yi musu aikin. Ga fasinja ya shigo, in na sauke shi a Harlem zan dawo, ban gama da Barista ba.